Yadda Ake Ɗaukar Tarihin Gida Daga Bakin Kaka

Tsohuwa ba ta ba da labari don an ajiye mata waya a gaba an ce, "To Hajiya, fara." Abin da za a samu shi ne "Alhamdu lillahi, mun ga jiya mun ga yau," daga nan sai shiru, sai jan carbi. Bakin kaka yana buɗewa ne idan hannunta yana kan aiki, kuma wanda ke gefenta mutum ne da ba ta jin nauyinsa. Duk sauran dabarun, na waya da na takarda da na ajiya, a kan wannan suke zaune.

Wa za a tura

A tura jika, kada a tura ɗa. Tsakanin uwa da ɗanta akwai kunya, balle ɗan fari, wanda wata ko sunansa ba ta kamawa. Ba za ta zauna ta ba shi labarin samarin da suka nemi aurenta ba, ko yadda ta yi yaji ta koma gida. Jika kuwa abokin wasa ne. Namiji "ango" ne ko "maigida", mace "kishiya" ce, kuma a cikin wannan tsokanar ake tambayar abin da ba ya tambayuwa. Idan jika ya ce, "Ke tsohuwa, wai da gaske ne tsohon nan da ƙyar ya samu kika yarda da shi?" dariya za ta yi, ta zage shi, sannan ta ba shi labarin tun daga dandali. Ga abin da ya shafi haihuwa, wankan jego, zama da kishiya da gyaran amarya, jika mace ta fi dacewa nesa ba kusa ba.

Kada a tara mata jama'a. Mutum ɗaya mai tambaya ya isa, sai dai in akwai wata tsohuwar, ƙanwarta ko ƙawarta ta ƙuruciya. Wannan haɗin yana da riba, domin su biyun za su riƙa tuna wa juna suna gardama a kan wace ce ta riga wata aure, kuma a cikin gardamar ake tsintar sunaye da wurare. Suruka kuwa, ko matar ɗa ce ko mijin 'ya, a san yadda za a yi ta ba da wuri. Da zarar ta zauna, rabin labarin ya koma ciki.

A sa mata aikinta a hannu

A fara gano abin da take yi da hannunta a da, ko take yi har yanzu. Wata kaɗi, wata saƙar faifai, wata ɗinkin hula, wata daddawa ko ƙuli, wata kuma ɓarar gyaɗa kawai ta rage mata. A nemo kayan a kawo mata, a ce ana so ta koyar.

Idan kaɗi ne, ana buƙatar auduga mai ƙwaya kamar cikin ƙaramar ƙwarya, da dutsen gurza da ƙarfensa don fitar da angurya, da bakan shiɓa, da mazari, da alli na shafawa a yatsu don kada zaren ya riƙa zamewa. Mazari ya yi wuya a birni, amma ana samunsa a kasuwannin ƙauye wajen masu sayar da tarkacen tsofaffi, wani lokacin ma yana nan a ƙasan adakarta. Kada a kawo mata audugar kanti ta wanke ciwo. An wanke ta da magani, ta yi laushi fiye da kima, zaren zai riƙa tsinkewa, ranta ya ɓaci ta ce hannunta ne ya mutu. Tana cikin murza mazari sai a tambaye ta wa ya koya mata, nawa ake sayen abawa, wane masaƙi ne ke karɓar zarenta, me ta saya da kuɗin. Tambaya huɗu ke nan, amma za su fito da sunan uwar riƙonta, da kasuwar da ake ci a lokacin, da yadda aka haɗa kayan ɗakin babbar 'yarta.

Mai saƙar faifai a jiƙa mata kaba ta yi laushi kafin a zauna, domin busasshiya tsagewa take yi, ta kuma yanki yatsa. Idan idonta ya yi rauni, jika ya riƙa zura mata a basilla.

Girki yana da tasa matsalar. Kaka ba ta da ma'auni sai "ɗan kaɗan" da "yadda dai ya kamata". Mafita ita ce a bar ta ta ɗebo da hannunta, kafin ta zuba a tare a auna da gwangwanin madara ko cokali, a rubuta. In akwai ƙaramin sikeli na kicin ya fi. A rubuta lokaci ma da agogo: awa nawa kalwa ta yi a kan wuta kafin a surfa ta, kwana nawa aka rufe ta, da me aka rufe. Sannan a tambaye ta alamar da take dubawa, domin da ita take aiki: kalar da kanwa ke ba ruwa, warin da ke nuna daddawa ta yi, ƙarar da man gyaɗa ke yi idan ruwan cikinsa ya ƙone. Wanda ya rubuta ma'auni ya bar alama, idan ya gwada a gidansa abin ba zai yi ba, don itace da tukunya da yanayin gari sun bambanta.

Ɗaukar murya

Murya ta fi bidiyo. Tsohuwa idan ta ga kyamara sai ta gyara lulluɓi ta koma maganar wa'azi, amma wayar da aka ajiye a gefe minti biyar ya isa ta manta da ita. A gaya mata gaskiya tun farko cewa ana ɗauka, a kuma kunna mata ta ji muryarta, yawanci dariya ce ke biyo baya. Bidiyo a bar shi don aikin hannu, gajere-gajere na minti biyu zuwa uku, a saita kyamarar a kan yatsunta.

A ajiye wayar kamar kamu ɗaya daga bakinta, wajen da makirfon yake yana fuskantarta. A ɗora ta a kan matashi ko naɗaɗɗen zane, domin tabarma da tire suna kwasar ƙarar duk wani motsi. A sa wayar a yanayin jirgin sama, in ba haka ba kira ɗaya zai yanke ɗaukar ba tare da an lura ba. A kashe fanka. A kuma lura da lokacin da injin markaɗen maƙwabta ko janareta ke tashi, a kauce masa. Ɗaki mai labule da katifa ya fi tsakar gida, ya kuma fi ɗaki fayau mai tayil, inda murya ke amsa-kuwa.

Murya a matsakaicin inganci tana cin kimanin megabait 1 a minti ɗaya, wato wajen megabait 60 a awa. Bidiyo mai kyau yana iya cin megabait 100 ko fiye a minti ɗaya. A duba wurin da ya rage a waya kafin a zauna, a kuma cika caji.

Farkon kowace ɗauka, mai tambaya ya faɗi ranar, da garin, da sunan kaka cikakke, da nasa. Daƙiƙa goma ce, amma bayan shekara ashirin ita ce za ta raba wannan muryar da ta wata tsohuwar. Zama kada ya wuce minti 30 zuwa 45. Hantsi bayan ta karya ya fi, ko bayan la'asar. Zama goma gajeru sun fi zama biyu dogaye, don tsakanin zama da zama takan kwana tana tuno abubuwa, washegari ita da kanta za ta ce, "Jiya na manta ban gaya maka ba."

Tatsuniya dai sai dare. Yawancin tsofaffi ba za su yi ta da rana ba, sun tashi da jin cewa mai yin ta da rana ɓata yake yi. Kuma ba a yi wa babba shi kaɗai tatsuniya. A tara yara uku ko huɗu bayan isha, ta ce "Ga ta nan, ga ta nanku," su amsa "Ta zo mu ji ta," a bar wayar tana aiki har ƙurunƙus. Kada a hana yaran dariya ko amshi, da su tatsuniyar take cika. A kula musamman da waƙoƙin da ke cikinta, su ne suka fi saurin ɓata. Haka waƙoƙin niƙa, da na daɓe, da na reno, da na gaɗa. Wata ba za ta iya tuno waƙar daka tana zaune ba, amma a kawo turmi a fara lugude a gabanta, sai baitin ya zo da kansa.

Yadda ake tambaya

Tambayar da amsarta "e" ce ko "a'a" ba ta da amfani. Babbar tambaya irin "Yaya rayuwa take a da?" ita ma haka, amsarta kullum "Da an fi albarka." A riƙa tambayar ƙaramin abu mai kamawa. Ina kuke ɗebo ruwa, gaba nawa ne zurfin rijiyar? Ranar da aka kai ki ɗaki, a kan me aka kai ki, doki ko mota ko ƙafa? Me aka jera miki? Wa ya yi miki wankan fari? Me kike talla, ina kike kai wa? Ranar da kika fara shiga jirgin ƙasa ina za ki?

Kayan ɗakinta ma tambayoyi ne. A ɗauko tasa ko kwalla ko tsohon zanen saƙi, ko murjani da ke ƙulle a tsumma, a miƙa mata a ce, "Wannan fa?" Kowanne yana da wanda ya saya, da bikin da aka saye shi dominsa.

Idan ta yi shiru, a ƙyale ta. Masu tambaya da yawa suna tsoron shiru, sai su jefa wata tambayar daidai lokacin da take haɗa abin da za ta faɗa. A ƙirga goma a zuci. Idan ta kauce daga abin da aka tambaya ta shiga wani labarin, a bi ta, a rubuta tambayar farko a takarda don wani zaman. Kada a gyara mata magana ko da an san ta yi kuskure. A rubuta yadda ta faɗa, a sa alama a gefe. Idan kuma shekaru sun fara taɓa tunaninta, tana maimaita labari ɗaya, a ɗauka duk da haka. Irin waɗannan tsofaffin sukan manta abin da suka ci da safe amma su kawo waƙar ƙuruciya ba tuntuɓe, kuma da safe kansu ya fi washewa.

Gano shekaru

Nan ne aikin ya fi buƙatar natsuwa. Kaka ba za ta ce 1968 ba. Cewa za ta yi "shekarar da aka yi fara", ko "ina goyon babanka". Aikin mai rubutu shi ne ya rataya maganarta a jikin abin da aka san shekararsa.

Ga masu zama a Najeriya akwai turaku sanannu. Zuwan Sarauniyar Ingila 1956. Samun mulkin kai 1960. Kashe Sardauna a watan Janairu 1966, wanda ya faɗo cikin azumi. Yaƙin basasa 1967 zuwa 1970. Komawa tuƙi ta hannun dama 1972. Shigowar naira da kwabo a farkon 1973, sai fari da yunwar 1973 zuwa 1974. Kashe Murtala a Fabrairu 1976, kuma a shekarar ce aka fara shirin firamare kyauta da ya kwashi yara da yawa zuwa boko. Rikicin Maitatsine a Kano a Disamba 1980. Canjin kuɗi na 1984. Annobar sanƙarau ta 1996. A Nijar akwai mulkin kai a 1960, juyin mulkin Kunce a 1974, da yunwar 1984. Sarauta ma turke ce: an naɗa Ado Bayero a Kano a 1963, Sarkin Katsina Usman Nagogo ya rasu a 1981, Sarkin Musulmi Abubakar na Uku ya rasu a 1988. Sarautar hakimi ko dagacin garinku ta ma fi waɗannan amfani, in an samu wanda ya riƙe shekarunta.

Sai a riƙa tambaya ta gefe biyu: "Da aka kashe Sardauna, an yi miki aure?" "Wa kike goyo?" Idan ta ce tana goyon fari a lokacin, an samu shekarar haihuwar ɗan farin da kuskuren da bai wuce shekara ɗaya ko biyu ba, daga nan a ƙirgo sauran 'ya'yan da tazarar yaye. Kuɗin da ta ambata ma shaida ne. In ta ce sadakinta fam kaza ne, ko tana sayar da ƙosai taro da sisi, to kafin 1973 ne, ko da yake a yi hattara, don mutane sun ci gaba da kiran naira biyu "fam" da kwabo goma "sule" shekaru da yawa bayan canjin.

Wata dabarar ita ce azumi. Shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11, saboda haka watan azumi yana zagaya yanayin shekara cikin wajen shekara 33. Idan ta ce ta haihu cikin azumi ana tsananin sanyi, wannan ya yi daidai da wajen 1965 zuwa 1968, ko kuma 1997 zuwa 2000. Azumin tsakiyar damina ya faɗo wajen 1976 zuwa 1980. Na zafin bazara kuwa wajen 1955 zuwa 1958, sannan 1988 zuwa 1991. In an ci karo da shekarar Hijira a rubuce a bayan wani littafi, a ninka ta da 0.97 a ƙara 622, za a samu ta Miladiyya da kuskuren shekara ɗaya. Misali 1400 tana ba da 1980.

Duk shekarar da aka gano ta wannan hanyar a rubuta "wajen" a gabanta. Jikan da zai karanta nan gaba yana da haƙƙin sanin abin da aka tabbatar da abin da aka kintata.

Sunaye, dangantaka da nono

Kaka ba za ta kama sunan mijinta ba, ko na surukanta, wata har da duk mai irin sunan. Za ta ce "Malam", ko "mai sunan Malam". Kada a matsa mata. A nemi sunan yanka a wajen wani, ko a riƙa kawo sunaye tana girgiza kai har a faɗo a kan na daidai. A littafin, kowane mutum a rubuta masa sunan yanka, da laƙabin da aka fi saninsa da shi, da dalilin laƙabin. Sunayen gargajiya bayani ne a kansu: Talatu da Laraba da Asabe sun faɗi ranar haihuwa, Azumi ta faɗi wata, Marka ta faɗi tsakiyar damina, Tanko ya biyo mata, Kande ta biyo maza, Gambo ya biyo tagwaye, Audi bai tarar da mahaifinsa ba. Wanda ake kira Abba ko Baffa ko Ummi kuwa, sau da yawa sunan wani babba ya ci, a tambayi wane ne.

A zana zuriya a babbar takarda, kwali in an samu. Kowace matar gida a ba ta nata layin da 'ya'yanta a ƙasa, don a bambance 'yan ɗaki ɗaya da 'yan uba. A sa waɗanda suka rasu suna ƙanana idan ta ambace su da kanta. Idan ba ta ambata ba, kada a fara da nan, tambaya ce ta zama na bakwai ko na takwas. A bambance haihuwa da riƙo, domin "uwata" a bakinta tana iya zama gwaggon da ta riƙe ta. A bi ɓangaren mata da gangan, don shi ne yake ɓata. Gidaje da yawa suna iya ƙirga kakanni maza biyar amma ba su san sunan mahaifiyar kakarsu ba, balle garinsu. In tana da tsaga a fuska, a tambayi sunan tsagar da wanzamin gidan da ya yi ta, takan nuna asalin da baki ya manta.

Abu ɗaya da ba a wasa da shi: wa ya sha nonon wa. A da idan uwa ta rasu ko ta kwanta ciwo, wata ce a gidan ko a maƙwabta take shayar da jaririn, kuma shayarwa tana haramta aure kamar yadda jini yake haramtawa. Sau da yawa tsohuwa ɗaya ce ta rage da ta san wannan. A tambaye ta dalla-dalla, a rubuta a shafi na musamman, a sanar da manyan gida. Hukuncin kowace mas'ala kuwa a kai wa malamai.

Karatunta

Kaka da ta daina karatu ba lalle ne ta gaji ba, galibi ido ne. A kai ta asibitin ido a auna kafin a sayo tabarau a kasuwa. Wanda ya haura sittin yakan buƙaci tabaran karatu mai lamba wajen +2.50 zuwa +3.00, amma idan yana ce ta rufe idon, babu tabaran da zai yi, sai aiki, kuma aiki ne da ake yi a tashi lafiya a asibiti. Kada a bari masu yawo gari-gari suna soke yana da tsinke su taɓa ta, idanu da yawa sun mutu a hannunsu. Awon zai kuma nuna ko akwai hawan jinin ido, wanda yake cin gani a hankali ba tare da ciwo ba.

Wajen sayo mata Alƙur'ani mai manyan baƙaƙe, a duba irin wanda ta saba. Wadda ta yi makarantar allo da riwayar Warshu ta tashi, da rubutun da ake sa wa fa ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. Idan aka kawo mata bugun Hafsu irin na Islamiyya, inda fa ke da ɗigo a sama, ƙaf ke da biyu, sai ta riƙa tuntuɓe ta ɗauka karatun ne ya zube. A tafi da tsohon nata kasuwa a gwada. Wanda aka raba ƙananan littattafai ya fi mata sauƙin riƙewa a kan babban kundi mai nauyi. Haske ya zo ta bayan kafaɗarta ya sauka a kan takarda, fitila mai caji ta wadatar.

A tambaye ta waƙoƙin wa'azi da na bege da ta haddace. A ƙasar Sakkwato da kewaye har yanzu akwai tsofaffin da karatunsu ya biyo ta hanyar 'yan taru, tsarin da Nana Asma'u ta kafa na tura jaji, wato malamai mata, su koyar da mata a ƙauyuka da waƙa. In ta kawo baiti, a ɗauka da muryarta da karin da take rerawa, don takarda ba ta riƙe kari. Wadda ta yi ajin yaƙi da jahilci kuma tana karanta boko, a buga mata abin karatu da manyan haruffa, lamba 18 zuwa 20. Wadda ido ya tafi gaba ɗaya, ƙaramar rediyo mai cin katin memori ta ishe ta. A zuba mata karatu da tafsiri, a manna wani abu mai tudu a kan maɓallin kunnawa don ta gane shi da taɓawa. A ciki har da muryarta da aka ɗauka, tsofaffi suna son sauraren kansu, kuma suna cikin ji suke gyara abin da suka faɗa ba daidai ba.

Takardu da hotuna

A gafakar tsohon gida akan samu warwatsattsun takardun ajami, wasiƙu, takardar gona, rasit na haraji, tsohon fasfo na aikin Hajji. Kafin a motsa komai, a ɗauki hoton kowane shafi a yadda aka same shi, gaba da baya. Littattafan hannu ba su da lambar shafi, amma marubuta sukan rubuta kalmar farko ta shafi na gaba a ƙasan wanda ya gabace shi, da ita ake jera su in sun hargitse. Tawadar gargajiya tana narkewa da ruwa, saboda haka hannu ya bushe sarai, kuma kada a lashi yatsa don buɗe shafi. Kada a liƙe yagewa da salatif, yana rawaya ya ci takarda. Kada kuma a kai a narka mata leda a jiki a shagon kwamfuta, wannan ba ya warwaruwa. A sa kowace takarda tsakanin farar takarda biyu, a cikin fayil na kwali.

Hotuna a ɗauke su a inuwa mai haske, kusa da ƙofa, ba tare da filashi ba, wayar tana daidai saman hoton. In za a yi sikanin, ma'aunin kaifin hoto (dpi) a sa shi a 600 ga ƙananan hotuna, 300 ga takardu. Hoton da ya manne da gilashin firam kada a ɓamɓare shi, fuskar za ta biyo gilashin. A ɗauke shi yadda yake, a ɗan karkata don kauce wa ƙyalli. Sannan a zauna da kaka a bi hotunan ɗaya bayan ɗaya wayar tana ɗauka, a rubuta sunaye daga hagu zuwa dama a bayan hoton da fensir mai laushi. Biro yana huda takarda, tawadarsa kuma tana ratsowa.

Maƙiyan takarda a gidajenmu gara ce, da ɗanshin damina, da ɓera, da kyankyaso. Akwatin ƙarfe ya fi kwali ko jaka. A ɗora shi a kan bulo, a janye shi daga bango kamar tafin hannu biyu, kada a ajiye shi a ƙarƙashin inda rufi ke yoyo. Kada a ƙulle takardu a leda da damina, gumi suke yi su yi funfuna. Sau ɗaya a shekara, da rani, a buɗe a sha iska a inuwa.

Rubutawa da ajiya

Awa ɗaya ta magana tana cin awa huɗu zuwa shida wajen rubutawa, don haka kada a bari su taru. Wanda ba shi da lokaci ya yi abu mafi sauƙi: ya saurara ya rubuta jerin abin da ke ciki da mintinsa, "minti 12, labarin rijiya, minti 25, waƙar niƙa". Wanda zai rubuta duka ya rubuta da karin harshenta. In Basakkwata ce ta ce "ɗiyata" ko "shina zuwa", a bar shi haka. Kalmar da ba a gane ba a koma a tambaye ta tun tana nan, a rubuta ma'anar a gefe. A sa allon rubutu na Hausa a waya don a samu ɓ da ɗ da ƙ.

Sunan kowane fayil ya fara da shekara, wata, rana, sannan batun, don su jeru da kansu. A ajiye a wuri uku: a waya ko kwamfuta, a katin memori ko filas da ke cikin akwatin ƙarfen nan, da kuma intanet, inda Google Drive ke ba da gigabait 15 kyauta. Waya ana sace ta, mai gyara yana goge ta, katin memori kuma yakan mutu ba sallama, saboda haka a riƙa gwada buɗe su duk shekara, a kwafa a sabon kati bayan 'yan shekaru. Kalmar sirrin asusun mutum biyu su san ta. Idan za a tura wa 'yan uwa hoto ta WhatsApp, a tura shi a matsayin fayil (Document), in ba haka ba manhajar za ta matse shi ya rage kyau. Abin da aka rubuta kuma a buga shi a takarda ko kwafi biyar ne, a raba gidaje daban-daban.

A cikin abin da za ta faɗa akwai amana: dalilin mutuwar wani aure, asalin wani gida, rikicin gona ko gado, abin da kishiya ta yi. A tambaye ta kai tsaye, "Wannan a bari kowa ya ji, ko a ajiye?" Abin da ta ce a ajiye a ware shi a fayil dabam, a rubuta sharaɗin da ta gindaya da ranar da ta faɗa, kada ya shiga zauren WhatsApp na dangi, balle Facebook ko TikTok. Maganar iyakar gona ko rabon gado kuwa, in ta taso, a nemi ta maimaita ta a gaban manya biyu na gidan, a rubuta sunayensu a ƙasan shafin.